Kilimar da Tam Mutu ga Takardarku Tana Sanyi ga Ɗakinmu

Zuwa ga Yallaɓai Mushe Shugaban biro, ma'aikatar da ke kula da gidajen ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina hwatan kana lahiya, kai da iyali da ma'aikatanka duka, har da mai hwarin takalmi. Ina gajiya, ina zahin bana. Allah shi ƙara girma.

Ni ce Zalika, uwar ɗiya bakwai. Nan Madawa nike zaune, ga layin gidajen ma'aikata, gidan da ke da dogon yaro bakin ƙohwa. Maigidana ba ni hwaɗin sunanai, kun san shi, shina bisa takardar da kunka aiko, ma'aikacin dabbobi ne mai yi ma shanu allura. Ban yi lakwal ba, wato boko, yaƙi da jahilci niy yi rani ukku. Malamarmu ta ara mini keken rubutu, da yatsa guda nike bugawa, in kun ga wani baƙi ya hau bisa wani ku yi haƙuri. Na ce mata ta sa wagga wasiƙa cikin 'yar jaridarmu kowa shi karanta, don takarda in ta shiga bironku ita kaɗai ba ta hitowa. Ukku munka aiko muku, har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba.

Ga abin da yas sa ni rubutu. Ran Litinin da taw wuce, ɗan aikenku ya kawo takarda mai tambari. An ce cikin kwana takwas maigida shi yi bayanin dalilin da yas sa yab buɗe kilimatizar ta gwamnati, injin nan mai sanyaya ɗaki, ba da izini ba har yal lalata ta, in ba haka ba a rubuta mishi laihi cikin dosiye, takardun tarihin aikinai. Mutumen ga shekara ashirin da shida shina bin shanun mutane, daga Buza shi tahi Tama, shi wuce Babankatami, shi hau duwatsun Keita. Saniya ta taɓa karya mishi haƙarƙari biyu, bai huta ba sai sati guda. Ba a taɓa ɗiga mishi baƙi ko na ƙwayar gero ba cikin dosiyenai. Saura shekara biyu shi aje aiki shi huta. Tun ran da takardar ga taz zo, tuwo in na kai mishi yadda nik kai shi haka nike ɗauko shi.

To, Mushe, ba shi ne yab buɗe ta ba, ni ce. Shina can wajen Keita ga shanu sa'ad da niy yi. Bari in jera maka yadda anka yi, tun da na lura bironku kun hi gane magana in an sa mata lamba.

Na ɗaya. Kilimar ga ba mu roƙe ta ba. Wani nasara ne yaz zauna gidan kahin mu, da yat tahi yab bar ta cikin bango, anka ba mu gida da ita. Mu mutanen ƙauye ne, tabarma da mahuci sun ishe mu. Amma maigida shina da hawan jini, likita ya ce zahi bai gamshe shi ba. In ya komo daga daji da rana tsaka, idanu jajir, nan ɗakin shike kwantawa awa guda hankalinai shi komo. Amhwaninta gare mu ke nan, ba don a ce muna manya ba.

Na biyu, shi ne nawa laihin, kuma ni ba ni jin kunyar hwaɗi. Bara da bazara nig ga zanzaro na shiga bayan kilimar ta waje, wajen da ke kallon turken awaki, suna ɗauke da laka. Ban kore su ba. Murna ma niy yi. Ɗiyata Ramatu tana aure ga Buza, shekara shida ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, an sha rubutu, an sha sassaƙe, shiru. Mu kuwa mun tashi mun iske ana cewa in zanzaro ya yi gini ga ɗaki, haihuwa na tahe ga gidan, kuma ba a hwasa ginin in akwai mai ciki. Wata huɗu bayan haka anka aiko mini Ramatu na da ciki. Na hana kowa ko kusantar bayan kilimar nan da tsintsiya. Malamai sun ce camhi ne, na ji, ban musa ba. Amma ba da cikin ɗiyata za a gwada ba.

Da zahin bana yash shigo, sai kilima ta yi ta ruri awa motar da taƙ ƙi hawan tudu, iskar da ke hitowa kuwa ɗumi-ɗumi, awa numhwashin saniya. Lokacin Ramatu ta riga ta zo gida goyon ciki. Raina ya ba ni ginin zanzaro ne, amma na ja bakina, nic ce ko mi ne ne a bari Ramatu ta sauka. Maigida shi ko mai bin doka ne har abin shi ba ka haushi, shi ne yar rubuta muku takardun nan ukku a aiko mai gyara.

Na ukku. Sai da wata biyu yaw wuce kana mai gyaranku yaz zo. Allah shi ba shi lahiya, yaro ne kyakkyawa, da tabarau da jaka baƙa da hwarin takalmi ƙal. Jakar nan har yat tahi ban ga cikinta ba, ban sani ba ko kayan aiki ne ciki ko goro. Ya shiga ɗaki, ya kunna, ya tara hannu gaban iska awa mai jin ɗumin wuta, ya girgiza kai. Yac ce gaz ya ƙare kuma zuciyar injin ta mutu, ba ta gyaruwa, za a rubuta ta cikin matattun kaya a aiko mota ta ɗauke. Shayin da anka ɗora mishi bai ko tahwasa ba ya gama aiki.

Ni ina bayan labule, nic ce ma maigida shi roƙe shi shi zagaya shi dubi bayanta, akwai ginin zanzaro ciki. Ban ce shi hwasa ba, cewa niy yi shi duba. Yaron naku ya leƙa ta taga, yag ga awaki, yag ga inda muke zubda ruwan wanki, yad dubi takalminai. Sai yay yi dariya, yah hwaɗi wata magana da Hwaransanci. Bayan ya tahi na matsa ma maigida sai da yaj juya mini ita. Wai cewa yay yi: "Madam ta ji da tukunya, wannan aikin waɗanda sunka yi karatu ne."

To na ji da tukunya, Mushe. Tukunya ce ma tak koya mini. Duk macen da ke ƙasar ga ta san randa in jikinta ya toshe da dauɗa ta daina zuhwa, ruwanta ba shi sanyi, sai an kankare ta ciki da waje ta samu inda za ta yi numhwashi. Kuma na sha ganin direban su maigida in sun komo daga daji, shina tsugune gaban mota shina tsince ƙarangiya da ɗiyan haki daga ragar nan ta gaba, shina cewa in ta toshe mota zahi take ɗauka. Bayan kilimar nan kuwa raga ce iri guda da ta mota. Ban san shekara nawa ake yi ga lakwal kahin a gane haka ba.

Na huɗu. Ramatu ta sauka lahiya, ɗiya mace, alhamdulillahi. Anka yi suna, baƙi sunka watse, maigida yat tahi Keita aikin kwana goma. Motarku ba ta zo ba. Nic ce to, abin da anka ce ya mutu, in na taɓa shi ai ba shi ƙara mutuwa. Na kira maƙwabciyata Hajiya Ai, mace ce mai ƙarhi, ita ce shedata, ta ce in sa sunanta ba ta tsoron kowa.

Ga yadda munka yi, ku karanta ma yaronku ko za shi ƙaru. Da hwarko na zare waya daga bango, don ban shirya mutuwa ba. Na cire murhin gaba, nis samu wata 'yar raga awa rariya. Wallahi ba ka ganin haske ta cikinta, ƙura da gashin awaki da ɓawon albasa sun dunƙule sun zama bargo. Tun tahiyar nasara ba a taɓa wanke ta ba, kuma ba wanda yat taɓa gaya muna ana wankewa, ku da kunka yi karatu. Na wanke ta da sabulu, ruwa ukku, na shanya ga inuwa. Ƙusoshi huɗu masu murɗi ke riƙe da injin, na kwance su da ɗan turnabis na keken ɗinkina, wanda shekara goma sha biyar nike kwance shi ina ɗaurawa ba a aiko mini takarda ba. Munka kihe turmi biyu, munka ɗora tsohon ƙyaure bisa, ni da Hajiya Ai munka jawo injin a hankali munka aza.

Mushe, da ka ga abin da munka gani. Unguwa guda ce. Gidajen zanzaro goma sha ɗaya, wasu bisa wasu, sun liƙe ragar baya sai ɗan wuri awa tahin hannu. Guda babba ya zauna daidai bakin hwankar ciki, in tana juyawa sai ta riƙa gogar shi, shi ne rurin da muke ji. Na duba su ɗaya-ɗaya, duk ƙohohinsu a buɗe, masu gida sun ƙyanƙyashe sun tashi tuni. Duk da haka ban hwasa ba. Tsumma nij jiƙa nid dinga dannawa gindin kowane har lakar ta yi taushi, kana nis sa bakin wuƙa niɓ ɓamɓaro shi ɗungum. Biyu kaɗai sunka tsage. Hajiya Ai na ta yi mini tsiya wai ko amarya ba a saukar da ita da irin wanga lallashi.

Ragar kanta ƙarhenta siriri ne awa ganyen littahi, in ka danna shi lanƙwashe. Da gashin hihhiken zabo nib bi ta layi-layi. Na aro zuga-zugi wajen maƙerin bakin kasuwa, munka hura, ƙurar da tah hito sai da awaki sunka yi atishawa. Inda ke da wayoyi da ɗan injin hwanka na ɗaure su da leda tam, kana niz zuba ruwa da buta bisa raga kaɗan-kaɗan har ruwan yad daina hitowa ja. Akwai wata baƙar tukunya ta ƙarhe ciki, da 'yan bututu na jan ƙarhe, ina jin ita ce zuciyar da anka ce ta mutu. Ban taɓa su ba. Abin da ban sani ba ban ce kome bisa kainai ba, wannan shi ne bambancina da yaronku.

Kwana biyu nib bar ta ga inuwa ta bushe. Ran na ukku munka maida, niɗ ɗaure ƙusoshi, nis sa waya, niy yi bismilla, nik kunna, nij ja da baya har bakin ƙohwa. Ta tashi sumul ba ruri. Kahin in gama tankaɗen garin tuwo, ruwa ya hwara ɗiga ta baya, Hajiya Ai na zaune ciki ta ja mayahi ta ruhe ƙahwahu. Gaz ɗin da yaƙ ƙare ban san wanda yak komo da shi ba, ni dai ban zuba kome ba sai ruwan rijiya.

Na yanki tsohon gidan sauro na ɗaura daga waje sako-sako, iska na wucewa, zanzaro ba shi shiga. Kuma na rataya musu tsohon kasko ga bango kusa da wurin, su koma can su yi gininsu, don ina da wasu ɗiya mata biyu ga ɗakunan mazansu.

Na biyar. Maigida ya komo, ya shiga ɗaki, ya tsaya, ya dube ni, ya kwanta. Kwana tara yay yi shina samun barcin rana irin wanda rabonai da shi tun hwarkon bazara. Ran na goma sai ga motarku ta zo ɗaukar gawa. Mai hwarin takalmi na gaba, ƙarti biyu na biye da igiya. Ya ɗaga labule, sanyi yab buge shi. Ni a tunanina za shi ce madalla, ko shi ji kunya shi juya. Ina! Tsugunawa yay yi, karo na hwarko da nig ga ya lanƙwasa gwiwa cikin gidanga, shina duban kawunan ƙusoshi. Yag ga inda turnabis yak karce henti. Ya tambayi wanda yab buɗe. Maigida yaƙ ƙi hwaɗin ni ce, don ba shi son a ambaci matatai gaban ƙarti. Na kawo ƙwaryar da nit tara gidajen zanzaro ciki, nit tura ta ƙarƙashin labule don shi gani. Da bakin takalmi yat ture ta. Guda cikin ƙartin nan ya kasa riƙe dariya, ina jin abin da yaƙ ƙona ran mai hwarin takalmi ke nan. Sunka tahi da igiyarsu, sai ga takarda mai tambari ta biyo baya.

Na shida. An karanta mini takardar sau biyu, an juya mini ita da Hausa, ina da tambaya. Layi na sama ya ce mai gyara ya tabbatar kilimar ta mutu tun zuwanai na hwarko. Layi na ƙasa ya ce maigidana ya lalata ta bayan haka. Ƙaƙa ake lalata abin da yam mutu? Kuma ga takardar duka ba inda anka rubuta cewa tana aiki, alhali shi mai rubutun sai da yah hyace hanci don sanyi cikin ɗakin. Kai da kas sa hannu da tambari, ka karanta ta kuwa, ko miƙo maka anka yi kana waya?

Sai tambaya ta biyu. In an ɗauki matattun kilimomi, ina ake kai su? Ni ban taɓa ganin maƙabartarsu ba. Matan layin ga suna cewa akwai wadda anka ɗauka matacciya daga gidan da ke ƙarshen layi shekarar da taw wuce, wai an ji ta tana numhwashi ga wani gida can wajenku. Ni ban gani ba, ban ce kowa ya yi kome ba. Tambaya ce kawai ta wadda ba ta yi lakwal ba.

Na san doka ta ce kada mu taɓa kayan gwamnati, na yarda na taɓa. Amma kayan gwamnatin nan wata biyu shina ƙugi muna kiran ku, kun aiko wanda ke tsoron kashin awaki. Da na bi doka, da yanzu tana bayan mota an ɗaure ta da igiya, gwamnati ta yi asarar abu mai rai saboda laka cikin ƙwarya guda. Ban ce a ba ni lambar yabo ba. Ku dai bar mini tsohona shi ci tuwo.

Ga abin da nike roƙo, da girmamawa. A janye takardar nan, kada a sa ɗigo guda cikin dosiyen maigidana. A gyara littahinku a rubuta kilimar gidanmu tana da rai, don kada gobe wata mota ta sake zuwa da igiya. A gaya ma matan gidajen ma'aikata akwai raga ta gaba da ake cirewa a wanke, in ba ku da mai gaya musu ni ina iyawa, ran Laraba ba ni da aiki da hantsi. A saya ma yaronku takalmin roba, shi riƙa zagayawa baya. In kuwa ba ka yarda da maganata ba, Mushe, hanya ba ta da nisa, ka zo da kanka da azahar, sa'ad da rana ta hi zahi, ka zauna cikin ɗakin. Ka zo da riga mai kauri.

In kuma doka ta ce dole sai an maida kayan gwamnati yadda anka ba mu shi, wannan ma ba wuya. Gidajen zanzaro suna nan cikin ƙwarya, goma ne yanzu, guda na sa shi cikin gwangwanin tumatir na haɗa da wagga wasiƙa, ka aje bisa teburinka. Ka maido mini shi, in kwaɓa laka in liƙe su duka inda nic cire su, a aiko mai hwarin takalmi shi tara hannu shi tabbatar ta sake mutuwa.

Abu na ƙarshe. Jiya da hantsi na iske maigida ya rubuta muku amsa da hannunai, ya aje bisa tebur ya tahi masallaci gaisuwar wata rasuwa. Hwaransanci ne, ban iya ba, na kai ma malamarmu ta karanta mini. Cewa yay yi shi ne yab buɗe, shina neman gahwara. Mutumen da bai taɓa yin ƙarya ga aiki ba, yau zai yi ta don kada sunan matatai shi shiga bakin maza ga biro. Takardar nan kada ku jira ta, tana ƙasan akwatina ƙarƙashin zannuwa, ba ta zuwa. Wagga ita ce amsar gidanga, kuma ta iso cikin kwanakinku takwas. In lalle sai an rubuta ma wani laihi, ni ba ni da dosiye, ku buɗe mini sabo, sunana ba shi da wuyar rubutu, ni ma rani guda niy yi nik koye shi.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ma'aikata masu lanƙwasa gwiwa, shi sanyaya maka ɗaki da zuciya, shi kiyaye ka da sa hannu ga abin da ba ka karanta ba. Amin.

Wassalam.

Ni ce Zalika, matar mai allurar shanu, wadda tab buɗe kilima, Madawa.